Yaron Hong Kong da Ake Yi wa Jarrabawar Baƙo

A Hong Kong akwai yaran da aka haifa a asibitocin garin, iyayensu ma a can aka haife su, wasu har kakanni. Da Kantonanci suke ciniki a kasuwa, da shi suke musu a filin ƙwallo, idan ka ji muryarsu ta waya ba za ka taɓa cewa ba Sinawa ba ne. Amma idan lokacin barin sakandare ya zo, hukumar ilimin garin tana ajiye musu manyan hanyoyi biyu a darasin Sinanci, kuma kowacce cuta ce. Ko su zauna jarrabawar da aka tsara wa yaron da ya sha Sinanci a nono, su faɗi warwas. Ko su zauna wata da aka tsara a Ingila don ɗan Bature mai koyon gaisuwa da ƙirga, su ci da maki mai ƙyalli wanda ba zai sama musu ko aikin akawu ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin zalunci ne da ake yi da alƙalami da takarda, a ofis mai sanyi, kuma masu yin sa suna kiran sa taimako.

Su wane ne yaran? Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 8.4 cikin ɗari na mutanen Hong Kong ba Sinawa ba ne. A cikinsu akwai Indiyawa sama da 42,000, 'yan Nepal kusan 30,000, da 'yan Pakistan sama da 24,000, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Kada wani ya ɗauka jiya suka sauka daga jirgi. Tun a shekarun 1860 Turawan mulkin mallaka suke kwaso mutanen Fanjab su yi musu aikin ɗan sanda da gandiroba. Masallacin Kowloon, wanda duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa kwana a Chungking Mansions ya san hanyarsa, asalinsa a 1896 aka gina shi saboda sojojin Indiya Musulmi. Sojojin Gurka na Nepal su suka yi gadin iyakar garin shekara da shekaru, kuma 'ya'yansu da aka haifa a can kafin 1983 suka sami izinin zama na dindindin. Jirgin fiton nan na Star Ferry da masu yawon buɗe ido ke rububin hawa, wani ɗan kasuwa daga Indiya ne ya fara shi. Ita kanta Jami'ar Hong Kong, da aka kafa a 1911, kuɗin Hormusjee Mody, mutumin Bombay, su suka tayar da babban gininta. Mutanen da suka sa hannu wajen gina garin ke nan, kuma jikokin irinsu ne yau ake tsayarwa a bakin ƙofar jami'a ana tambayar su takardar Sinanci.

A zamanin Turawa, Ingilishi ya ishi mutum ya yi aikin gwamnati. Bayan da Birtaniya ta miƙa garin ga ƙasar Sin a 1997, Sinanci ya hau kujerarsa, kuma ba ni da ja a kan wannan ko kaɗan. Garin Sinawa ne, harshensu ne, sun cancanci su ɗaukaka shi. Fushina a kan abu ɗaya yake: an mayar da harshen sharaɗin shiga jami'a da samun aiki, amma ba a gina hanyar da yaron da ba a magana da shi a gidansu zai koye shi yadda ya kamata ba. Shekara kusan talatin ke nan.

Sai mutum ya san yadda karatun yake kafin ya gane nauyin da aka ɗora wa yaran. A Hong Kong abin da ake furtawa daban, abin da ake rubutawa daban. Kantonanci ake yi a titi da gida da aji, harshe mai karin sauti shida. Amma idan aka zo rubutu, sai a koma daidaitaccen Sinanci wanda nahawunsa da kalmominsa suka fi kusa da Mandarin. Kalmar da yaro ke faɗa kullum a bakinsa, idan ya rubuta ta a takardar jarrabawa, malami zai ja mata jan biro. Ga shi kuma ba baƙaƙe ashirin da wani abu ba ne da za a haɗa su a fitar da sauti. Kowane harafi sai an haddace siffarsa da yadda ake jan alƙalami a kansa, kuma garin yana amfani da tsofaffin haruffa masu yawan zane, ba sauƙaƙan da ake amfani da su a Beijing ba. Ana sa ran ɗan firamare ya san wajen dubu uku kafin ya fita. Ɗan Basine yana shiga aji ɗaya da dubban kalmomi a kunnensa, da uwa mai duba masa aikin gida, da kaka mai ba shi labari. Ɗan gidan da ake Urdu ko Fanjabi ko Nepalanci yana shiga da abin da ya tsinta a waje kawai.

Sai a zaunar da su a aji ɗaya, a yi musu shifta ɗaya. Shifta babban abu ce a makarantun Hong Kong, kusan kowane mako ana yin ta, kuma yadda aka saba shi ne a cire maki a kan kowane harafin da aka kuskure. Ka sa kanka a matsayin yarinya 'yar shekara takwas da ta kwana tana kwafar haruffa, babu mai taya ta a gida domin uwar ba ta iya karanta ko takardar da makaranta ta aiko ba. Ta rubuta rabin haruffan daidai, wanda a wurinta babban ci gaba ne, amma bayan an gama cire-cire ta tashi da sifili. Mako mai zuwa haka. Me wannan sifilin ya auna? Bai auna ƙoƙarinta ba, bai auna kaifin ƙwaƙwalwarta ba. Gidan da ta fito ya auna. Yaro kuwa ba wawa ba ne, yana gane lokacin da aka yi masa rashin adalci ko da bai iya faɗar sunan abin ba, kuma daga nan yake fara tsanar darasin.

Abin bai tsaya a aji ba. Makin da yaro ya samu a ƙarshen aji biyar da cikin aji shida na firamare shi ake aikawa hukuma, a daidaita, a raba yara rukuni uku, kuma rukuninka shi ke yanke irin sakandaren da za ka samu. A wannan lissafi Sinanci da Ingilishi da Lissafi su suka fi kowane darasi nauyi. To a yawancin makarantun firamare na garin, Lissafin ma da Sinanci ake koyar da shi, haka darasin sanin muhalli da zamantakewa. Yaron da ya iya lissafi sarai amma ya kasa karanta tambayar, ya faɗi. Rauni ɗaya ake hukunta shi a kai sau biyu, sau uku, tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya.

Iyaye da yawa suna ganin haka sai su gudu da 'ya'yansu zuwa 'yan makarantun da ke koyarwa da Ingilishi waɗanda tsiraru suka cika. Da can gwamnati da kanta ta keɓe irin waɗannan makarantu ta ba su suna na musamman, har suka kai talatin da ɗaya. Da surutu ya yi yawa cewa wannan wariya ce, sai a shekarar karatu ta 2013 aka cire sunan. Sunan kawai aka cire. Makarantun suna nan, yaran suna nan, a wasu ajujuwan da ƙyar ka ga Basine ɗaya. Ta yaya yaro zai ƙware a harshen da ba ya jin sa sai a darasi ɗaya a rana?

Yanzu mu zo ga babbar jarrabawar. Tun 2012 ɗaliban Hong Kong suna kammala sakandare da jarrabawar DSE. Ana ba da sakamako daga mataki 1 zuwa 5, da tauraro ɗaya ko biyu a saman 5 ga zakaru. Kafin a ko duba takardarka a jami'o'i takwas da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, sai ka sami aƙalla mataki 3 a Sinanci da mataki 3 a Ingilishi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibi a ƙasarmu ya ci komai a WAEC ya rasa kiredit a Ingilishi, ya zauna gida shekara biyu yana sake zama, ya san irin wannan ƙunci. Takardar Sinancin DSE kuwa, su kansu 'ya'yan Sinawa laƙabin takardar mutuwa suka sa mata, domin a shekarun farko kusan rabin masu zaman ta ba sa kai wa mataki 3. Daga 2018 aka dawo da nassosi goma sha biyu na tsohon adabi da dole a nazarce su, har da maganganun Confucius da Mencius, cikin Sinancin da aka rubuta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Daga 2024 kuma aka rage takardun jarrabawar daga huɗu zuwa biyu, aka bar karatu da rubutu, aka cire saurare da magana. An ce don a rage wa ɗalibai wahala ne, kuma wataƙila an rage wa wasu. Amma a duba wanda aka yanke wa ƙafa: yaron tsiraru da bakinsa ya fi alƙalaminsa ƙarfi, wuri ɗaya tilo da zai iya nuna bajintarsa shi aka share.

Hukuma za ta ce ai ba dole ba ne ya zauna wannan, mun buɗe masa wata ƙofa. Gaskiya ne. Tun 2008 jami'o'in suna karɓar sakamakon Sinanci na GCSE da makamantansa daga ɗalibin da ya yi ƙasa da shekara shida yana koyon Sinanci, ko wanda aka koya masa sauƙaƙƙiyar manhaja. Wannan ƙofar ce ta fi ba ni haushi. GCSE jarrabawar Ingila ce, an tsara ta don yaron Landan ko Manchester da ke koyon Sinanci a matsayin baƙon harshe, sa'o'i kaɗan a mako. Malamai da masu bincike a Hong Kong sun daɗe suna cewa matakinta bai wuce na ɗan aji biyu ko uku na firamaren garin ba. Ka duba fa: yaro ya shekara goma sha biyu a makaranta a garin Sinawa, a ƙarshe a ba shi takardar shaidar cewa ya kai ɗan aji uku, a buga masa babban maki a kai, a tafa masa. Makarantar ta ji daɗi, adadin waɗanda suka ci ya yi kyau a rahoto. Yaron ya kai takardar gida, uban da ke gadi ko leburanci a wurin gini ya yi murna, ya ɗauka ɗansa ya tsallake. Sai ranar neman aiki, a miƙa masa fom ko wasiƙar ofis a ce ya karanta, ya tsaya yana kallo. A wurina wannan ya fi faɗuwa muni. Wanda ya faɗi ya san matsayinsa, zai iya neman gyara. Wanda aka ruɗa da makin ƙarya ba ya ganewa sai bayan lokacin koyo ya wuce. Tamkar a ba mutum takardar kuɗin da aka daina karɓa ne, a ce masa ya tafi kasuwa.

Akwai wata 'yar hanya ta uku da aka ƙirƙiro a shekarar karatu ta 2014, darasin Sinanci na aikace-aikace don waɗanda ba harshensu ba ne. Ya fi GCSE amfani, ban musa ba. Amma sakamakonsa hawa biyu ne kacal, ka ci, ko ka ci da yabo, kuma a wajen ɗaukar aikin gwamnati ana lissafa su daidai da mataki 2 da mataki 3. Wato an yi wa yaron rufi tun kafin ya ɗaga kai. Komai hazaƙarsa, komai daren da ya raba yana karatu, ba zai wuce nan ba, alhali ɗan ajinsu yana iya tashi da 5 da taurari biyu. A gasar shiga fannin likita ko lauya, inda maki ɗaya ke raba mutum da gurbi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da iyaye da malamai da ƙungiyoyi suke roƙo tun tuni ba wani abin al'ajabi ba ne. Cikakkiyar manhajar Sinanci a matsayin harshe na biyu suke so, daga nazare har ƙarshen sakandare, da littattafanta, da malaman da aka horar don ita, da jarrabawarta mai matakai wadda jami'a da masu ɗaukar aiki za su san abin da kowane mataki ke nufi. Ƙungiyar Hong Kong Unison, wadda ma'aikaciyar jin daɗin jama'a Fermi Wong ta kafa a 2001, ta shafe shekara ashirin da ɗoriya tana wannan kira har ta rufe a 2025. Ita ma hukumar tabbatar da daidaito ta garin, wadda doka ta kafa, ta faɗi makamancin haka a rahotonta na 2019. Me gwamnati ta bayar? A 2014 ta fito da abin da ta kira tsarin koyo, wanda a zahiri manhajar 'yan gida ce aka yayyanka ƙanana, da nufin wai yaro ya bi a hankali har ya koma ajin kowa da kowa. Ta haɗa da kuɗi, wajen dalar Hong Kong miliyan 200 a shekara a farko, a lokacin makarantar da ke da irin waɗannan ɗalibai goma ko fiye tana samun daga 800,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Kuɗi ne masu kauri. Amma an bar kowace makaranta ta san yadda za ta yi, kowane malami ya ƙirƙiro nasa darasin da daddare bayan ya gama gyaran littattafai. Yaron da ya canza makaranta sai ya tarar da wata duniya daban. A 2021 ofishin mai binciken kuɗin gwamnati ya duba shirin, ya kuma nuna cewa malamai da yawa masu koyar da waɗannan yara ba su halarci horon da aka tanada ba. Ban ga laifin malaman ba. An horar da su su koyar da adabi ga masu harshen, sai aka tura su aikin da ba nasu ba.

Hujjar da jami'an ilimi suka daɗe suna kafawa ita ce, manhaja ta daban za ta zama mai rauni, za ta sa wa yaran tambari, ta hana su cuɗanya da sauran jama'a. Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa. Manhaja mai rauni ai ita ake bi yanzu, an ma shigo da ita daga Ingila. Tambari kuwa, wane tambari ya wuce a ce ga jarrabawar 'yan gari, ga ta baƙi, kai kuma da aka haife ka a unguwar Yuen Long ko Kwai Chung ka bi layin baƙi? Su kansu sun san yadda ake koyar da harshe na biyu, domin haka suke koya wa 'ya'yansu Ingilishi, daki-daki, da littattafan da aka rubuta don wanda ba harshensa ba ne. Ba wanda ya taɓa cewa ɗan Basine ya zauna jarrabawar adabin Ingilishi ta 'yan Ingila kafin ya shiga jami'a. Abin da suka ga ya dace da nasu, me ya sa bai dace da ɗan maƙwabci ba?

Ko kotu ma ba ta da sauƙin zuwa. Dokar hana wariyar launin fata da aka zartar a 2008 ta fito ƙarara ta ce ba a tilasta wa makaranta ta canza harshen koyarwarta saboda wata ƙabila ba. An toshe wannan ƙofar tun ranar da aka rubuta dokar.

Kuma a lura da wanda abin ke faɗa wa. Ɗan Baturen banki, ko ɗan attajirin Ba'indiye mai harkar lu'ulu'u, makarantar ƙasa da ƙasa yake zuwa, ya yi jarrabawar waje, ya wuce Ingila ko Amurka ko Kanada, ya dawo ya zama manaja ba tare da ya iya rubuta sunansa da Sinanci ba. Ba wanda ke ce masa bai cuɗanya da jama'a ba. Sharaɗin harshe a kan talaka yake aiki. Rahoton gwamnatin garin kan talauci na 2016 ya nuna kusan rabin 'yan asalin Pakistan suna ƙarƙashin layin talauci ko bayan an lissafa tallafin da ake ba su. Uba mai gadi, ɗa mai kai abinci gida-gida a kan babur, kuma idan ba a gyara ba jika ma haka. Kakansa ya sa kakin ɗan sanda a wannan gari, shi kuwa sai ya yi fama da takardar Sinanci kafin a ko saurare shi. Sai ka ji wasu suna cewa ai mutanen nan ba sa son karatu, ba sa son koyon harshenmu. Wannan ƙazafi ne. Yaron da ya koyi Kantonanci a titi ba tare da malami ba, ga Urdu ko Nepalanci a gida, ga Ingilishi a makaranta, wani ma ga Larabcin allo da yamma a masallaci, shi za a ce ba ya iya koyon harshe? Harshe huɗu yake ɗauke da su a ka. Na biyar ɗin, rubutaccen Sinanci, shi kaɗai ne ba a tsinta a titi, sai an koyar, kuma shi ne aka ƙi koya masa yadda zai iya.

'Ya'yan 'yan Afirka da aka haifa a garin ma cikin wannan layi suke, ko da yake ba su kai yawan da za a riƙa ambaton su a rahotanni ba.

Hong Kong ba matalaucin gari ba ne da za a ce littafi ya gagare shi. Yana da jami'o'in da ake ji da su a duniya, da masana koyar da Sinanci ga baƙi, da baitulmalin da ƙasashe da yawa ke sha'awa. Hukumar ilimi ta rubuta manhajar nan guda ɗaya, ta buga littattafanta, ta wajabta horo ga duk malamin da zai shiga ajin waɗannan yara, ta fara tun daga nazare inda kunne da harshe suke da taushi. Hukumar jarrabawa ta tsara takardar Sinanci ta harshe na biyu a cikin DSE kanta, mai wahalar da ta isa a girmama ta, mai magana da saurare a ciki, mai matakai tun daga 1 har zuwa 5 da taurarinta, yadda yarinyar da ta yi ƙoƙari za ta ga ƙoƙarinta a takarda, mai ɗaukar aiki kuma ya san abin da ta iya. Kowace shekarar da aka ƙara ana jan ƙafa, wani aji guda na yaran nan yana fita da takardar da ba ta faɗin gaskiya a kansu, kuma jami'an da suka sa hannu a kan tsarin sun san haka.